Ba Yunwa Ce Ta Kashe Malam Ba

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma Malam ya riga mu komawa, ranar wata Talata da hantsi, a kan tabarmarsa, kansa a bisa cinyata. Yau kwana arba'in da huɗu ke nan. Ni ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba. Autata ce, wadda take koyarwa a firamare, ta zauna gabana da littafi. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta sassauta mini magana ko da ta yi zafi. In kuka ya ci ƙarfina, ta jira ni.

An zo mana gaisuwa, ba laifi. Daga Katagum, garin iyayensa, mota biyu aka cika. Teloli abokan sana'arsa na kasuwar Azare sun rufe rumfunansu ranar. Ɗakina kuwa ko wurin sa ƙafa babu. Kowace ta shigo sai ta yi addu'a, sannan ta ɗora tata. Wata ta ce, "Allah sarki, ya huta da allura." Wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce, "Ke ma kin huta da ɗora tukunya biyu." Wata kuma ta hango kwanon Malam a kan kanta, ta ɗauko tana jujjuya shi, ta ce, "Wai wannan ne kwanon? Ai ko ɗan yaye ba zai ƙoshi da shi ba." Na ji su duka, na ce amin ga addu'o'insu, sauran na haɗiye.

Wanda ban iya haɗiyewa ba shi ne na Alhaji Ƙarami, ƙanin Malam uwa ɗaya uba ɗaya, mai sayar da hatsi, wanda muke gida ɗaya da shi, sashensa na gabas namu na yamma. Rana ta biyu, a ƙofar gida, gaban maza, ya ɗaga murya ya ce, "Yayana ba ciwo ne ya kashe shi ba. Yunwa ce da tsiyayar jini. Shekara goma sha huɗu ana auna masa tuwo kamar magani, ana tatsar jininsa kowace safiya. Ko raƙumi ne ai ya durƙusa." Ɗakina ba shi da nisa da zaure. Da kunnena na ji. Kuma babu wanda ya ce masa kul.

To ni ce mai awon tuwon. Ni ce mai riƙe yatsan. Ina cikin takaba, ba ni da bakin fita in amsa masa a inda ya faɗa. Ga kuma saƙon da Malam ya bar mini in isar wa wannan mutum, shi ɗin da ya kira ni mai kisa. Shi ya sa na ce a rubuta.

Bari in fara da mahaifinsu, domin can abin ya samo asali. Surukina masunci ne a Katagum. Ina amarya ya taka ƙaya a bakin kogi, ɗan ciwo kamar ƙwayar gero. Ciwon ya ƙi warkewa. Yatsa ya yi baƙi, ƙafa ta bi. A lokacin cewa aka yi asiri ya taka. An yi turare, an yi rubutu, an yanka abin yankawa, ƙafar nan ba ta fasa ba. Kafin wannan kuwa kowa ya san tsoho ba ya rabuwa da butar ruwa, ba ya rabuwa da bayan gida, ga rama yana yi alhali yana cin abinci kamar mutum biyu. Malam da Alhaji Ƙarami su suka zuba ruwa da aka yi masa wanka. Sun ga ƙafar da idonsu.

Ranar da Malam ya dawo daga babban asibiti aka ce masa ciwon suga ne, bai shiga ɗaki ba. Ya tsaya a tsakar gida ya ce mini, "Hajiya, yau na san abin da Baba ya taka. Bai taka komai ba. A jininsa yake, ga shi a nawa. Ni kuwa da ƙafata biyu zan je kabari, in Allah ya yarda."

Ya fito da magunguna da wani ɗan abu kamar ƙaramar waya. Ana sa masa ɗan tsinke a baki, a huda gefen yatsa, a taɓa ɗigon jini, sai lamba ta fito. Malam ya raɗa masa suna Alƙali. Ya ce, "Wannan ba ya karɓar goro, ba ya jin rantsuwa."

Masu cewa an tsiyaye masa jini, ku ji. Ba kowace safiya ba ce, sau uku ne a mako, sai ranar da ya ji jikinsa ba daidai ba, ko yana son ya gwada wani abinci. Ɗigon kuwa sauro ya fi shi ɗiba. Kuma Malam tela ne, mai aikin wuyan babbar riga. Yakan ce, "Shekara arba'in allura tana cin yatsana don rigar wani. Yanzu da za ta ci don raina ne zan yi raki?" Sai dai bai yarda a huda babban yatsa da manuni ba, ya ce waɗannan na sana'a ne. Sauran shidan muke zagayawa, yau wannan gobe wancan.

Abinci kuwa, ba ni na yanke masa ba. Shi ya yanke wa kansa, da shaida. Ma'aikaciyar jinya ta ce masa tuwo kada ya wuce dunƙulen hannunsa, miya da ganye su fi yawa, wake da kifi su zama abokai. Malam bai tsaya nan ba. Sai ya ci abu, ya dubi agogo, bayan awa biyu ya ce a kira Alƙali. Da haka muka gane kunu ya fi tuwo saurin tayar masa da lamba. Da haka muka gane shinkafa in ta sha wake da zogale tana da sauƙi a kan shinkafa tsura. Aka yi ta cewa alkama ba ta da laifi, ya ci malmala biyu ya gwada, lamba ta tashi, ya ce, "Ashe ita ma 'yar gidan su gero ce." Yayarsa ta Katagum ta aiko da zuma kwalba guda, ta ce ya sha safe da yamma, waraka ce. Ya ce, "Na yarda waraka ce, amma ba a ce mai suga ya kafa kai a kwalba ba." Ya sha cokali biyu ya gwada, ya ga abin da ya gani, ya raba sauran ga masu tari a unguwa. Fura ce kawai ta ba shi wuya, domin da ita aka raine shi. Ita kam bai bari ba. Ranar Juma'a nake dama masa rabin dunƙule da nono mai tsami, ba suga, ya sha a hankali da ƙaramin ludayi yana lumshe ido.

Mutumin da yake cin kifin Katagum, da wake, da kwaɗon rama, da ƙwai, da miyar kuɓewa har ya side kwano, sau uku a rana, wannan ne yunwa ta kashe? Rubuta tambayar haka, kada ki cire.

A shekara ta biyar yanar ido ta fara rufe masa gani. Allura ta gagare shi zarewa, lambar Alƙali ma ta gagare shi gani. Yara duk sun yi aure sun watse. Ni ina gani, ban iya karatu ba. Shi ya iya, ba ya gani. Na ce to shi ke nan, sai mu riƙa kiran wani. Ya ce, "Sirrin jinina ba zai zagaya unguwa ba. Zauna." Ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana mini lambobin manya-manya da yatsa, ya ce in faɗi abin da kowace ta yi kama da shi. Na ce wannan taɓarya ce. Wannan agwagwa. Wannan mataji mai haƙori uku. Wannan kujera. Wannan ƙugiya. Wannan fartanya. Wannan akwati kan akwati. Ya yi ta dariya har da tari, ya ce, "Malaman firamare sun sha wahalar banza." Ya nuna mini ɗan ɗigon da ke tsakiya, ya ce, "In abu ɗaya ne kafin ɗigo, daga kujera zuwa fartanya, mun tashi lafiya. In biyu suka jeru kafin ɗigo, akwai magana. In kuwa kika ga mataji shi kaɗai, ko agwagwa ita kaɗai, kada ki tambaye ni komai, ki sa mini zaƙi a baki."

Shekara tara muna haka. Bayan ya dawo daga sallar asuba, kafin ya karya, in riƙe yatsa in huda, in ce, "Ƙugiya, ɗigo, akwati kan akwati." Shi kuma ya ce, "Biyar da takwas. Alhamdu lillahi, kawo shayi."

Matajin nan na gan shi sau huɗu. Na farkon, ya sha magani ya tafi jana'iza bai karya ba, ya dawo da azahar gumi na zuba, hannu na rawa, yana kirana da sunan yayarsa. Na huda, na ga mataji. Na kwance bakin zanena na ɗauko ƙwayar suga uku na jiƙa na ba shi ya sha. Kafin a idar da salla ya dawo hayyacinsa yana tambayar wa ya cire masa hula. Tun daga ranar ban taɓa ɗaura zane babu suga a ƙulle a bakinsa ba. Ni da aka ce na hana shi zaƙi. Ga shi nan har yanzu, autata ta gani, na kasa kwancewa.

Ba zan ce ba mu taɓa faɗa ba. Wata Asabar aka yi ɗaurin aure a maƙwabta, ya dawo na ga yana lasar baki, na ce kawo yatsa. Alƙali ya nuna agwagwa da taɓarya kafin ɗigo, ashirin da ɗaya ke nan. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Na ce, "Malam, me ka ci?" Ya ce, "Goro." Na ce, "Goro ne zai kai ka nan? Ina nan ina ƙona hannuna da tukunya biyu, kai kana can kana cin amanata?" Ya ce, "Wallahi ban ci ba." Na ce, "Kai ka ce Alƙali ba ya jin rantsuwa." A zamanmu ban taɓa ƙaryata shi ba sai ranar. Ya tashi ya yi alwala, ya dawo ya miƙo mini hannu. Na sake hudawa. Fartanya, ita kaɗai. Ashe shi aka ba rabon dabino, ya yi ta damƙa yana miƙa wa mutane, zaƙin ya manne a yatsa, ni kuma na huda ban sa ya wanke ba. Dabinon muka gwada, ba Malam ba. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce, "Na yafe. Amma daga yau shaida ba ya shiga gaban Alƙali sai ya wanke hannu da sabulu." Ya yi shekara yana tsokanata da wannan.

Faɗan da bai mutu ba shi ne na ciyayya. A ƙofar gidanmu maza shida suke haɗuwa bayan magariba, kowa a fito da kwanon gidansa, a ci na wannan a koma na wancan. Tun kafin in zo gidan ake yi. Da ciwo ya zo, Malam ya riƙa cin nasa shi kaɗai, in an turo masa na wani ya ce alhamdu lillahi. Maƙwabta suka yi ta zolaya, suna kiran kwanonsa kwanon asibiti. Alhaji Ƙarami kuwa bai ɗauke shi wasa ba. Wata rana ya ture kwanon gidansa gaban Malam ya ce, "Yaya, tuwon gidana ne ba ka ci? Me kake zargin an zuba a ciki? Faɗa mini a gaban mutane." Kun san nauyin wannan magana a wurinmu. Mutum ya ƙi abincin ɗan'uwansa, ai ya ce ana nemansa da sammu ke nan. Facalata, matar Alhaji Ƙarami, ta yi sati ba ta amsa gaisuwata.

Malam ya shigo ranar bai ci komai ba. Da safe ya ce, "Hajiya, rage mini tuwona da loma biyar." Na ce, "Wanda dama bai kai ya kawo ba?" Ya ce, "Rage." Daga ranar, in an zauna, sai ya sa hannu a kwanon kowa ya ɗauki loma ɗaya, ya fara da na ƙaninsa, ya ce, "Wannan ta zumunci ce." Sannan ya dawo kan nasa. Loma biyar ɗin da na rage, ita yake cikewa a kwanukan mutane. Bai ɓata wa kowa ba, bai kuma ƙara wa cikinsa ko loma ɗaya ba. Haka ya yi har ya bar duniya.

Daga baya maƙwabtan nan da suke dariya, ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zuwa da sassafe a ɓoye, wai a duba su. Malam ya ce kowa da sabuwar allurarsa, ba a haɗawa. Shi ya huda, a miƙo mini ta bayan labule in faɗi abin da na gani. Biyu daga cikinsu ya tura asibiti, ya ce, "Alƙalina sammaci kawai yake bayarwa, shari'a tana wurin likita." Suna nan da ransu, sun zo gaisuwa, suna zaune lokacin da aka ce yunwa ta kashe shi. Ban ji bakinsu ba. Allah ya ba su lafiya.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ba da yatsa ba. In Malam ya ce, "Ƙarami, zo a duba ka, jininmu ɗaya," sai ya ce, "Ni lafiyata lau. Wanda ya je neman ciwo shi yake samu."

Zazzaɓi ne ya kwantar da Malam, kwana shida, ƙirji ya riƙe. An kai shi asibiti, aka yi abin da za a yi, ya ce a mayar da shi ɗakinsa. Ya haura shekara tamanin. Ana gobe zai rasu, da la'asar, ya ce in matso. Ya ce, "Na daɗe ina jin butar Ƙarami. Ba ta hutawa. Kuma tafiyarsa ta canza, yana ɗingisa hagu. Idona ya tafi amma kunnena yana nan. Alƙali nasa ne, na ba shi. Kada ki bar shi sai ya ba da yatsa." Na ce, "Ka san ba ya jin maganata." Ya ce, "Ke da kika koyi boko a ƙasa? Za ki san dabara."

To wannan ne saƙon. Kwana biyu da binne mai saƙon, wanda za a kai wa ya ce ni na kashe shi.

Na yi niyyar in bar shi da halinsa, Allah ya sani. Sai ana saura kwana uku arba'in facalata ta shigo, ta zauna a bakin gado tana murza gefen mayafi. Ta ce, "Yaya, ƙusa ta soke shi a rumfa tun kafin rasuwa. Yatsan ya ƙi warkewa, ya fara wari. Kuma inda ya yi fitsari, kiyashi ne suke taruwa." Na ce, "Ya je asibiti?" Ta ce, "Ya ce hassada ce ta 'yan kasuwa. An ba shi turare."

Turare. Shekara hamsin da wani abu, mun dawo kan turare.

Ranar arba'in aka yi gumba da waina kamar yadda aka saba. Ni kuma na sa aka dafa wake da zogale, na zuba a kwanon Malam da hannuna, tuwo dunƙule ɗaya a gefe. Da aka shafa fatiha, kafin maza su watse, na sa hijabi na tsaya a bayan ƙyauren zaure. Ban fita ba, ban karya takabata ba, amma murya ba a ce tana takaba ba. Na ce, "Salamu alaikum. Ina liman da ya yi wa Malam wanka?" Ya amsa. Na ce, "Don Allah, yatsun ƙafarsa nawa ka gani?" Ya ce, "Goma, Hajiya. Ko ƙwarzane babu." Na ce, "Alhaji Ƙarami, kai ka zuba ruwa a wankan Baba a Katagum. Nawa ka gani?"

Wani ya ce, "Haba Hajiya, a yi haƙuri." Na ce, "Na yi na kwana arba'in. Alhaji, ga kwanon da ka ce ya kashe yayanka, ɗanɗana ka ji. Kuma ya bar maka Alƙali, ya ce kada in bar ka sai ka ba da yatsa. Na isar a gaban shaidu. In ka ga dama ka cire takalminka na hagu ka ƙaryata ni."

Bai cire ba. Na ji ya tashi, na ji tafiyarsa har ya shige sashensa, ƙafa ɗaya tana jan ƙasa. Mata suka ce na yi rashin kunya. Na ce na ji.

Kwana uku ko tarinsa ban ji ba. Jiya da sassafe sai ga sallama a ƙofar ɗakina. Ya zauna a kan turmi, ni ina ciki, labule a tsakaninmu, autata da facalata suna tsaye.

Ya ce, "Matar Yaya, kin tozarta ni."

Na ce, "Kai ka fara. Ka karya?"

Ya ce, "Ko ruwa ban sha ba."

Na ce, "A ba shi sabulu ya wanke hannu."

Autata ta sa sabuwar allura ta huda. Ya ce wash, ƙaton mutum. Ya ɗaga Alƙali yana nisa da shi yana kusa da shi, ya ce bai fito da tabarau ba. Autata ta miƙa hannu za ta karanta, na ce a'a, miƙo nan. Na duba.

Na ce, "Taɓarya da fartanya, kafin ɗigo."

Ya ce, "Me ke nan?"

Autata ta ce, "Sha bakwai, Baba Ƙarami."

Ya ce, "Ban wanke da kyau ba. Na ji an ce har Yaya ya taɓa yi muku haka." Ya sake wankewa har gwiwar hannu, aka sake hudawa a wani yatsan. Taɓarya da fartanya.

Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Shi da nawa ya fara?"

Na ce, "Ya fi haka. Ya kuma yi shekara goma sha huɗu a kai, yana zuwa masallaci da ƙafarsa."

Autata ta tare Keke Napep, suka tafi asibiti da shi da matarsa. An wanke ciwon, an ba shi magani, an ce ya riƙa zuwa ana dubawa. Likita ya ce ana sa ran yatsan zai warke, amma da an ƙara sati biyu, da wata maganar ake yi.

Har yanzu bai janye abin da ya faɗa a ƙofar gida ba, ni kuma ban roƙe shi ba. Amma jiya da magariba facalata ta leƙo ta ce, "Yaya, wai in ji shi, kwanon nan yana nan?" Na zuba wake da kuɓewa da kifi, na auna tuwo da dunƙulen hannu, sannan na rage loma biyar. Kwanon asibiti ya sake fita ciyayya. Ya dawo an side shi tas.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka makwancinsa, ya mayar masa da ganinsa a inda babu yana, ya shayar da shi abin da ya haƙura da shi a nan ba tare da awo ba. Ya sada mu. Rufe littafin haka, auta, ki duba mini ko waken ya jiƙu. Gobe ma akwai kwano.